Kwalkwali Ya Halatta, Hular Kwano Ta Haramta

A Azare, sabon babur ya fi mai shi gata. Ɗan acaba zai sayo Bajaj, ya ƙi ɓare ledar da kamfani ya naɗe tanki da ita, ya ɗinka wa kujera riga, ya soke tsumman goge ƙura a bayan fitila. Wayarsa ma tana da riga da gilashin kariya. Da hadari ya haɗo, sai ya cire hularsa Zanna Bukar ya cusa a leda. Kan da ke ɗaukar hular ne kaɗai aka bar wa ƙaddara.

Hujjoji kuwa ba sa ƙarewa a teburin mai shayi. Wani ya ce zafin Afrilu zai dafa masa ƙwaƙwalwa. Wani ya ce tun kafin ya yi gemu yake kan babur. Mai ɗan karatu a cikinsu ya rufe taro da cewa in kwana ya ƙare ko tukunyar ƙarfe aka kifa sai an tafi. Amma gaskiyar magana kunya ce. Duk wanda ya sa hular kwano daga tasha zuwa kasuwa, sai abokai sun tambaye shi ko uwargida ce ta ba da umarni.

Haka abin yake a mota. A hanyar Kano zuwa Fataskum, direba na hango jami'an kiyaye haɗurra zai jawo bel ya danne da cinya, yana wuce su ya saki. Fasinjan gidan gaba da ya ɗaura nasa da gaske kuwa ya yi laifi: "Haba Alhaji, ba ka yarda da tuƙina ba ne?"

Rigimar ta daɗe. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, kuma ranar 1 ga Janairun 2009 ta fara tilasta wa masu babura sa hular kwano. Abin da ya biyo baya har kafafen yaɗa labarai na duniya sai da suka ɗauka: 'yan acaba sun fito da ƙwarya a ka, an huda ta an zura igiya, wasu da bokitin fenti. Fasinjoji kuma suka ƙi hular haya, wasu don tsoron kwarkwata, wasu don raɗe-raɗin cewa an yi mata asiri.

Abin dariyar shi ne a Azare ta ƙasar Katagum ake wannan taurin kai. Malam Ibrahim Zaki, wanda ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, har Birnin Gazargamu ya kai yaƙi. Barade irin na zamaninsa sulke suke sawa, su kifa kwalkwali, doki ma a lulluɓe shi da lifidi. Ba a taɓa jin maroƙi ya kira ɗan lifidi matsoraci ba. Yau ma in ya fito hawan Sallah guɗa ake yi masa, kuma cikin masu jinjinar har da saurayin da zai koma gida a guje, taya ɗaya a sama.

Shi kansa jarumin na yau bai ƙi kariya ba. A laluba ƙarƙashin rigarsa, ba za a rasa laya ko guru ba, wataƙila ma ya sha maganin ƙarfe. Kariyar da jama'a za su gani ce ba ya so. Sai dai kwalta ba ƙarfe ba ce, maganin bai san da zamanta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha nanata cewa hular kwano mai kyau, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da mummunan rauni a ka sosai da sosai. Ma'aikatan sashen gaggawa na babban asibitin tarayya da ke Azare ba sa buƙatar rahoto daga hedikwatar hukumar a Janiba kafin su san haka. A bakin ɗakin jinya kuwa ba a cika ganin abokan da suka yi wa majinyacin tafi yana wasa da babur ranar rakiyar amarya ba. Uwa ce ke zaune a tabarma da kwanon kunu, ga matar da aka ce kada a ji maganarta tana lissafin akuyar da za a sayar.

Tun da wa'azi da tara sun gaza, saura a gwada kwalliya. Hukuma ta kira masu ɗinkin hula su yi wa kwanon aiki, a soka masa gashin jimina, a ajiye maroƙi a kowane shingen bincike ya riƙa yi wa mai shi kirari. Kafin wata ya kama, sai an fara rigima a tasha kan wanda kwanonsa ya fi tsada.