Mun Iya Tayarwa, Tsayarwa Fa?

Mu masu rubuta manhaja a unguwar nan, in aka zauna majalisa bayan isha'i ba a rasa mai alfahari da saurin abin da ya gina. Amma da wuya ka ji wani ya ce nasa in an ce ya tsaya, tsayawa yake yi.

Ai haka muke yi. Mu rubuta laburaren da wasu za su ɗora aikinsu a kai, mu ba su hanyar fara aiki, mu ƙyale hanyar fasawa. Sai baiwar Allah ta fara tura fayil mai nauyi, sabis ya yi ƙasa, ta danna maɓallin sokewa. Shafin ya rufe, aikin kuwa yana can ƙarƙashi yana ci gaba, data tana ƙonewa, batir yana sauka, ga wuta ba a kawo ba. Wallahi wannan yana ci mini rai, don kuɗinta ne ke tafiya.

Wani ƙaninmu ya ce, "To Yaya, me zai hana a kashe aikin da ƙarfin tsiya?" An gwada, ƙanena. Java ta zo da Thread.stop, sai aka ga yana tsinke aiki a tsakiya, ya saki makullai, ya bar bayanai rabi a gyare rabi a hargitse. Tun 1998 aka ce a guje shi, a Java 20 ta 2023 kuwa ko ka kira shi ba ya tsayar da komai, kuskure kawai zai jefo maka. Aiki kamar magini ne a kan tsani: kira shi ake yi ya sauko, ba a janye tsanin.

Shi ya sa manya suka koma roƙo. Microsoft ta kawo CancellationToken a 2010, Go ta shigar da context a 2016, burauzoji suka fara samun AbortController a 2017. Duk dabara ɗaya ce: mai kira ya miƙa maka alama, kai mai aiki kana leƙa ta lokaci-lokaci, da ka ga an ɗaga ta ka tattara ka fita.

To nan fa muke kasawa. Wani zai karɓi alamar ya ajiye, bai miƙa ta ga aikin da ke ƙasa da nasa ba, alhali can ne ake jiran saba. Wani zai rubuta sashen lissafi da C a ƙarƙashin Python, mutum ya yi ta danna Ctrl+C har ya gaji, don Python ba ta iya amsa siginar sai aiki ya dawo hannunta, ko kuma mai laburaren ya kira PyErr_CheckSignals a cikin zagayensa. Wasu kuma suna kama kowane kuskure su haɗiye, har da saƙon sokewar. Abin ya yi yawa har Python 3.8, a 2019, ta fitar da CancelledError daga cikin kurakuran yau da kullum don kada a riƙa haɗiye shi.

Babban yayanmu a majalisar ya ce shi yanzu duk laburaren da aka kawo masa, sai ya soke aiki a tsakiya ya duba: an goge guntun fayil? An rufe layin saba? In ya sake farawa, yana tashi lafiya? Mun ce daga makon nan kowa ya zo da nasa a gwada.