Kilo Bakwai Zuwa Adis Ababa

Duk wanda ya buɗe taswira zai ga Adis Ababa da Abuja kusan a layi ɗaya suke, ko wacce tana wajen digiri 9 arewa da tsakiyar duniya. Daga nan mutuminmu ke yanke hukunci: ai Afirka ce, zafi ne. Sai ya zuba 'yar shara biyu da silifa a jaka ya nufi filin jirgin Malam Aminu Kano. Abin da taswira ba ta gaya masa ba shi ne babban birnin Habasha yana zaune kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,300, kusan ninki biyu na Jos da muke yi wa kirari da sanyi. Da rana zafi ba ya cika wuce digiri 25. Da dare kuwa, daga Nuwamba zuwa Janairu, yakan sauka ƙasa da digiri 10, kuma yawancin masaukai ba su da abin ɗumama ɗaki.

To ga shi ka yi niyyar tafiya da jakar hannu kaɗai, kuma na yaba maka. Ba jiran kaya a filin jirgin Bole na Adis Ababa, ba fargabar akwatinka ya zarce wata ƙasa, ba cinikin ɗan dako. Sai dai Ethiopian Airlines, wanda ke tashi daga Kano da Abuja da Yamai, kilo 7 yake ba fasinjan kujerar gama-gari ya shiga da shi cikin jirgi. Kilo bakwai ɗin nan sun isa mako guda cif, in ka san me za ka yi da su.

Fara da auna jakar tana fanko. Akwai ƙaramin akwati mai taya da yake cinye kilo uku tun ba a sa masa ko hankici ba. Bar shi a gida ya ci gaba da ajiyar takardun makaranta, ka ɗauki jakar goyo wadda ba ta kai kilo ɗaya ba. In ba ka da ma'auni, mai sayar da kaji ko mai nama na unguwa ba zai hana ka ɗora ta kan sikelinsa ba.

Sai kuma babban aiki, wanda ya fi ninke kaya wuya: kare jakar daga masoya. Da zarar labari ya fita cewa za ka Habasha, za a tuna da wani ɗan maƙwabta da ke aiki a hedikwatar Tarayyar Afirka, wanda ba a gani ba tun bikin ƙanwarsa. Ranar jajibirin tafiya sai ga Gwaggo da ƙullin kuka, da daddawa, da kwalbar man shanu a naɗe cikin leda uku.

"Ɗan nan, ba nauyi, ɗan saƙo ne."

Kada ka yi musu, kada kuma ka karɓa. Durƙusa ka gaishe ta da kyau, ka ce, "Gwaggo, wallahi man shanun nan ba zai wuce wurin bincike ba, a kwandon shara za su jefa shi a gabana, ni kuwa ba zan iya kallon a zubar da kayanki ba." Gaskiya ka faɗa. Duk abin da ke zuba ko shafuwa, zuma ne, man shanu ne, man shafawa ne, turare ne, ba a barin kwalbarsa ta wuce mililita 100 a jakar hannu. Ka karɓi kukar kaɗan, tun da ba ta da nauyi kuma ran ɗan maƙwabcin zai yi fari, amma ka buɗe ƙullin da hannunka a gabanta. Kayan da ba ka ga cikinsa ba, ko na wa ne, ba ya shiga jakarka. Wannan ba raini ba ne. A filin jirgi kai za a tambaya.

Yanzu ga sirrin sana'ar: ba a ɗora fasinja kan sikeli. Duk abin da ke jikinka kyauta yake tafiya. Don haka mafi nauyin kayanka shi za ka sa ranar tashi: takalmi sau-ciki mai ƙwari, safa, dogon wando, rigar sanyi, kuma in taro za ka je da babbar riga, to ka ɗora ta a kai. E, za ka yi gumi a Kano, 'yan rakiya za su tambaye ka ko zazzaɓi kake. Jure. Cikin jirgi akwai sanyi, kuma da ka fito daga Bole iska ta bugi fuskarka za ka sa wa kanka albarka. Aljihun babbar riga kuwa rumbu ne: caja, littafi, dabino, carbi, duk su shige.

Amma ka yi tunani sau biyu kan shadda. Shadda mai aiki tana da nauyi, tana son guga, kuma in ka wanke ta a bahon otal ba mai buga maka ita ta dawo da ƙyallinta. Guda ɗaya ta isa, a killace ta don ranar taro. Sauran kwanaki yadi mai laushi, kaftani biyu masu duhun launi, singileti uku, gajeren wando uku, safa uku. A naɗe su kamar tabarma, kada a ninke. A haka ba sa cin wuri da yawa kuma ba sa yamutsewa sosai. Hula kuma kada ka danne ta a ƙasa. Cusa safa a cikinta har ta cika, ka ajiye ta a sama, za ta isa da karinta.

Ke kuma 'yar'uwa, leshi mai duwatsu shi ne zai cinye miki rabin kilon da kike taƙama da shi. Doguwar riga biyu marasa nauyi, atamfa ɗinki ɗaya, da babban mayafi mai kauri wanda zai zama lulluɓi da rana, bargo a jirgi, abin sallah in ta kama. A ƙarƙashin doguwar riga ki sa dogon wando mai kama jiki, don iskar garin nan ta ƙasa take shiga. Takalmi mai tsini ki yafe shi. Adis gari ne na hawa da gangara, kuma unguwanni da yawa an shimfiɗa musu duwatsu.

A wane wata za ka tafi? Amsar tana canza jakar. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce da suke kira kiremt, kuma Yuli da Agusta ruwa kusan kullum ne, wani lokaci har da ƙanƙara. A watannin nan ƙaramar lema da rigar ruwa marar nauyi sun fi kaftani na uku amfani, kuma wankin da ka shanya da dare kada ka sa ran ya bushe da safe. Daga Oktoba zuwa Janairu kuwa iska a bushe take, wanki yana bushewa nan da nan, leɓe ma haka. Ɗan ƙaramin gwangwanin man kaɗanya zai yi maka aikin da ya saba yi da hunturu. In za ka buɗe man goge baki ko kwalbar man shafawa a ranar farko, kau da bakinta daga rigarka, domin iskar da aka rufe a Kano takan kumbura a kan tudu ta feso abin da ke ciki.

Jikinka ma zai ji tudun. Matakala goma za su sa ka haki, ka ɗauka tsufa ne ya zo ba sallama. Iska ce ta yi ƙaranci, kuma yawancin mutane suna sabawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Sha ruwa da yawa, yi tafiya a hankali, ka bar hawan dutsen Entoto, wanda ya haura mita 3,000, sai ka kwana biyu. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likitansa kafin tafiya, kuma maganinsa ya kasance a kwalinsa na asali cikin jaka. Ranar garin ba ta da zafi a fata amma tana ƙuna, don haka tabarau ba kwalliya ba ne. Gidan sauro kuwa bar shi, tsayin birnin ya fi ƙarfin sauron da ke kawo zazzaɓi, sai fa in za ka gangara ƙasa zuwa wuraren zafi.

Ƙananan abubuwa uku kada su ɓace maka: katin rigakafin shawara mai launin ɗorawa, bizar da ka kammala tun a gida, da mahaɗin soket, domin nasu mai ƙafa biyu ne masu zagaye, ba irin namu mai uku ba. Reza da almakashi da 'yar wuƙar yankan farce su zauna a gida. Buta ma haka. Robar ruwan da ka shanye za ta yi aikinta. Masallatai ba sa wuyar samu, kuma babban masallacin Anwar yana nan cikin Merkato, kasuwar da ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka. Abinci kada ka ɗauko ko ƙulli. Mahautan garin a rabe suke, na Musulmi da alamar jinjirin wata, na Kirista da gicciye, kuma ranakun Laraba da Juma'a, da Kiristocin Habasha ke azumi, za ka samu injera da miyar shiro da ganyaye ko'ina babu nama ko kaɗan a ciki.

In sanyi ya fi ƙarfin abin da ka zo da shi, kada ka yi baƙin ciki, dama ce ta samu. Je kasuwar Shiro Meda da ke kan hanyar Entoto ka sayi gabi, farin bargon auduga mai ninki huɗu da masaƙan ƙasar ke yi da hannu. Dattawansu suna yafa shi da asuba da maraice, kai ma ka yafa. Sai dai in mai shago ya ce ka dawo ƙarfe biyu, tambaye shi wane biyun, domin Habashawa daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, kuma ƙarfe biyunsu na safe shi ne takwas a agogonka.

Saura tsaraba, wadda ita ce ke karya jakar hannu a hanyar dawowa. Tun daga gida ka bar kilo ɗaya da rabi babu kowa, ka tsare shi da gaske. Kilo ɗaya na gahawa ne, wanda za ka samu a gashe a ƙulle a shaguna irin Tomoca da aka kafa a unguwar Piyasa a 1953. Rabin kilon na barbare ne, jan yajinsu, a ƙulle shi leda biyu in ba so kake kaftaninka ya riƙa sa mutane atishawa a sahun sallah ba. Ga mata kuma akwai netela, siririn mayafi mai adon baki, wanda ba shi da wani nauyi, kuma Gwaggo tana da kaso a ciki. Gabin kuwa ba zai shiga jaka ba ko ka zauna a kanta. Yafa shi a kafaɗa bisa babbar riga, ka miƙa fasfo, ka wuce.