Masu Zaman Bencin Mai Shayi a Mile 2

In dare ya raba a Mile 2, abu uku ne ba sa runtsawa: direbobin tirela da suka yi layi suna jiran shiga Apapa, da sauro, da mai shayi. Direbobi gwaslo ne ya hana su, sauro kuwa sana'arsa ke nan tun kaka da kakanni. Shi mai shayi ya zauna ne don ya tatsi na farko, na biyu kuma ya tatse shi.

Teburin da na fi sani yana ɗan nesa da tashar motocin Seme da Kwatano. Mai shi mutumin ƙasar Sakkwato ne, ba ya son yawan magana. Ya jera gwangwanayen Milo da Bournvita hawa-hawa kamar bene, akasarinsu fanko ne, ado ne kawai. Ga madarar Peak da Three Crowns, ga kiret ɗin ƙwai, ga burodin Agege yana gumi cikin leda, ga kwalin Indomie a ƙarƙashin tebur. Can gefe ƙatuwar buta ce da hayaƙi ya rine, tana huci. Benci uku sun kewaye shi. A shekarun da na yi ina ci-rani a Ikko na ɗumama ɗaya daga cikin bencinan nan fiye da yadda na ɗumama tabarmata, kuma abin da na gano shi ne, a teburin mai shayi ganyen shayi ɗan bora ne. Da sunansa ake kiran gidan, amma 'yan mowa su ne madara da siga da ƙwai da surutu.

Babban mai riƙe da tutar wannan zalunci shi ne Mai Haɗin Kauri. Tun daga tsallaken titi za ka ji muryarsa, don odarsa ba ta mai shayi kaɗai ba ce, ta duk wanda ke zaune ce. "Malam, haɗa min mai kauri! Madara gwangwani guda, a fasa a gabana. Milo cokali huɗu. Siga kada ka ji tsoro, ba na bashi ba ne." Sai ƙwai biyar da albasa da attaruhu, Indomie biyu, burodi a tsaga a shafe shi da bota har ta leƙo ta gefe. Ruwan ganyen da za a ɗiga a kofin bai fi na sa albarka ba. In aka gama, da za ka tsayar da cokali a tsakiya sai ya yi tunani kafin ya faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sigan da babban mutum zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ma ya fi. To cokalin mai shayi ba ƙarami ba ne, na cin shinkafa ne, kuma Milo da Bournvita da nasu sigan suke zuwa. Matatar sukarin Dangote tana nan Apapa, tafiyar 'yan mintoci in hanya ta yi kyau, kuma in ka ga mutumin nan yana kurɓa sai ka rantse shi kaɗai take yi wa aiki. Da na taɓa yi masa zancen ciwon siga, sai ya dube ni da tausayi ya ce, "Ƙanena, ciwon nan na masu zama a ofis ne. Mu zufa ke fitar da shi."

A ƙarshen bencin, inda hasken ƙwan lantarki bai kai sosai ba, nan Ɗan Ruwan Bunu yake zama. Baƙin shayi, siga kaɗan, burodi yanka guda. Yakan yi bayani ko ba a tambaye shi ba: madara tana ɓata masa ciki. Wannan ba ƙarya ba ce ga mutane da yawa, akwai manyan da cikinsu ba ya narkar da madara. Amma cikin Ɗan Ruwan Bunu yana da wata karama: duk daren da wani Alhaji ɗan canji ya zo ya ce a ba kowa, nan take yake warkewa, har ya nemi ƙarin cokali. Ba na yi masa dariya da yawa, don na zauna a gurbinsa. Bayan dokokin hana acaɓa na 2020 da 2022 wannan ƙarshen benci ya cika har ya tumbatsa, samarin da jiya suke fasa gwangwani duk suka kamu da ciwon ciki rana ɗaya. Abin dariyar shi ne, a duk teburin babu mai shan abin da likita zai sa wa hannu sai su.

Akwai kuma baƙonmu na kullum, kwandastan danfo ko ma'aikaciyar jinya da ta taso daga aikin dare. Zai ce, "Aboki, ba ni ti," kuma mai shayi ya san ko ƙyallin ganye ba a so a gani. A bakin mutumin Legas, ti shi ne Milo da madara da ruwan zafi. In ka kuskura ka tsoma masa Lipton zai tambaye ka ko ya ce maka ba shi da lafiya. Ba laifinsa ba ne. Koko a gonakin ƙasar Yarbawa yake fita, Bournvita a Ikeja ake yin ta, Milo kuwa a Agbara, kan wannan hanya ta Badagry da ta ratsa ta gabanmu. Baƙon nan ne ya fi kowa sanin burodi: zai matsa shi da yatsa biyu, in bai dawo ba ya ce na jiya ne.

Likitan Benci ba ya zuwa hannu rabbana. Yana da ƙulli a aljihun gaba: citta, kanumfari, masoro, kimba, girfa, wani lokacin da busasshen na'a-na'a da wata saiwa da ba ya faɗin sunanta. Zai miƙa wa mai shayi ya ce a tafasa masa daban. A iliminsa cututtukan duniya uku ne, sanyi da basir da shawara, sauran duk rassansu ne. Ka ce kanka na ciwo, sanyi ne. Ka ce an kore ka daga aiki, zai yi shiru kaɗan, sannan ya ce da ma ya ga alamar basir a tafiyarka. Kwanan baya ya gano koren shayi, wanda ya ce yana narkar da tumbi kamar man shanu a rana, kuma yana shan sa da burodi guda da wainar ƙwai uku, shekara biyu ke nan tumbin yana sauraron magani. Ban hana shi gaskiyarsa ba: citta tana kwantar da tashin zuciya, kanumfari yana lafar da ciwon haƙori na ɗan lokaci. Sai dai abin da ya kamata ya sani bai sani ba. Ganyen shayi yana da wani sinadari mai ɗaure baki, irin wanda ake ji a goro, da yake hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci kamar wake da ganye. Mai ƙarancin jini da mace mai ciki gara su bar tazarar kamar awa guda tsakanin cin abinci da shan shayi. Da na faɗa masa haka sai ya ce ai ƙarancin jini ma sanyi ne.

Abokin gabarsa shi ne Mai Maƙogwaron Ƙarfe, wanda ke cewa, "Kada ka sheƙa min, ni ba yaro ba ne." Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli mai shayi yana sheƙa ba ya yi asarar kallo. Kofi biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Zai fara da su kusa da juna, sai hannun dama ya yi ta hawa har ya wuce kansa, shayin ya miƙe kamar igiya mai ruwan ƙasa, ya faɗa cikin na ƙasa da wata ƙara mai taushi, kumfa ta taso. Idonsa ma ba ya kan kofin, yana kan yaron da ke juya ƙwai. Sau huɗu, sau biyar, ko ɗigo bai zuba ba. Wannan duka Mai Maƙogwaron Ƙarfe ya yafe. Daga buta sai baki, yana kurɓa yana hawaye yana cewa yanzu ya ji shayi. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta sanya abin sha mai zafin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo dajin maƙoshi. Ashe sheƙar nan da muke ɗauka burga ce, ita ce aikin asibiti guda ɗaya da ake yi a teburin, kuma kyauta.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare Buzu yake ɓullowa, da rawaninsa da takobin zuciyarsa. Gadi yake yi a wani gida ta wajen Festac, mutumin ƙasar Tawa ne ko Agadas. Bai taɓa sayen kofi guda ba. Garwashi yake zuwa roƙo. Zai yi sallama a hankali, ya gaida mai shayi da iyali da gajiya da sanyi, ya ɗebi garwashi uku a murfin gwangwani, ya dubi butarmu irin kallon da mai doki ke yi wa mai jaki, ya koma bakin ƙofarsa. Na bi shi wani dare. Kayan aikinsa duka za su shiga aljihun riga: murhun waya da aka saƙa da hannu, 'yar buta shuɗiya wadda ba ta fi dunƙulen hannu ba, 'yan kofunan gilashi biyu, da kwalin koren ganye na ƙasar Sin. Ya zuba ganye, ya bar shi ya yi ta tafasa har ɗacinsa ya fito, ya kawo siga mai yawa ya zuba, sannan ya shiga ɗagawa yana tsiyayawa daga buta zuwa kofi, daga kofi zuwa buta, har kumfa ta tsaya a gilashin kamar rawani. Zagaye uku ake yi da ganye ɗaya. Na farko ya kusa tsinke min harshe, na biyu ya sassauto, na uku kamar alewa. Awa biyu muka yi a kan abin da bai fi maƙwarwa shida ba, kuma a cikin awa biyun bai yi jimla goma ba. Da na ce masa koren nan da baƙin namu duk itace ɗaya ne, bambancin kawai shi ne baƙin ana barin sa ya sha iska ya rine bayan an murje shi, koren kuwa ana yi masa wuta da wuri, sai ya yi murmushi ta ƙarƙashin amawali ya ce, "Raƙumi da akuya ma duk ciyawa suke ci." Ban koma bencinmu da girman kai ba a daren, ban kuma yi barci ba sai bayan azahar.

Da yake an zo zancen ganye, akwai wani ɗan Gembu da kullum sai ya tambaya ko akwai Highland, alhali ya san babu. So yake a ba shi ƙofa ya sanar da jama'a cewa Najeriya ma tana noman shayi, a Kakara kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, inda sanyi ke sa mutum ya nemi bargo da rana. In ya gama sai ya sha Top Tea ɗinsa kamar kowa.

Direban dare shi kuma Nescafé yake sa a zuba masa cikin shayin, leda biyu, wai zai kai Kano bai ƙifta ba. Sinadarin hana barcin da ke ciki yakan yi awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, amma bashin barci ba ya yafewa, ɗaga ranar biya kawai yake yi, kuma wani lokacin a kan kwalta ake zuwa karɓa.

Bashi kuwa yana da nasa gwani. A da sunansa Rubuta Malam, yana da shafi guda a littafin da mai shayi ke ɓoyewa ƙarƙashin kiret. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya sami ƙarin girma, ya zama Na Tura. Sai ya cinye ya suɗe, sannan ya zaro waya, ya daddanna, ya juyo da fuskarta na ƙiftawar ido. "Ya fita daga wajena, Malam. Natwok ne." Mai shayi zai dubi tasa wayar, ya dubi sama, ya buɗe littafi. Abin da ya canza kawai shi ne yanzu laifin na banki ne.

Na bar Shugaban Majalisa a ƙarshe don shi ma a ƙarshe yake tashi. Ba ya sayen komai. Ruwan zafi yake karɓa a kofinsa na silba, wai yana gyaran murya. Ya san farashin dala kafin 'yan canji su farka, ya san wanda za a naɗa minista, ya san abin da ya sa Arsenal ta yi asara, in BBC ta faɗi labari da asuba sai ya gyaɗa kai kamar ɗalibinsa ne ya yi hadda daidai. Na daɗe ina mamakin me ya sa mai shayi bai kore shi ba, yana cin wurin mutum biyu. Sai wani dare wani yaro ya sauko daga bayan tirela, fari fat da ƙura, da jakar leda a hannu, ko sunan unguwar da ya zo nema bai iya faɗa ba. Shugaba ya tambaye shi garinsu, ya tambayi unguwa, ya tambayi sunan mai unguwa. Kafin shayin da aka haɗa wa yaron ya huce ya gaya masa inda 'yan garinsu suke kwana a Alaba Rago, da wanda zai nema a Zangon Agege in can bai yi ba, da motar da zai hau, da kuɗin da zai ba kwandasta kada a cuce shi. Mutanenmu tun zamanin fataken goro da shanu haka suke sauka a Kurmi, hannu zuwa hannu. Kuɗin shayin yaron ma Shugaba ne ya ce a rubuta a shafinsa. Mai shayi ya rubuta, a shafin da ban taɓa ganin an soke layi ɗaya a ciki ba.

Ana kiran assalatu sai teburin ya fara sauya mutane. 'Yan ga-ruwa da 'yan dako suna isowa, masu sammakon jirgin ƙasan Marina da aka buɗe a 2023 suna wucewa da sauri, yaro yana wanke kofuna a bokitin da ruwansa ya riga ya zama shayi mai madara. A lokacin ne mai shayi yake samun zama karo na farko tun magariba. Ya miƙe ƙafa, ya cire hula ya sosa kai, ya zaro kuɗi daga gwangwanin Bournvita na uku a jere, ya miƙa wa yaron.

"Je wajen Iya ka sayo min koko da ƙosai. Ka ce kada ta sa siga."