Bakano, Toshe Kunnenka, Ana Wasa da Kabewa

Bawana Bakano, nemi tabarma ka zauna tukuna, don wannan labari ba a jin sa a tsaye. A Amurka, duk ƙarshen watan Oktoba, sai su samo kabewa jawur, irin wadda in ka gani kake manta sallama, su ƙwaƙule cikinta, su yanka mata idanu da hanci da baki mai giɓi, su kunna kyandir a ciki, su girke ta a ƙofar gida daren 31 ga wata. Ba taushe, ba tuwo. In ta kwana biyu ta yamutse, sai bola. Da a Kano aka yi wannan ɗanyen aiki, da an yi zaman makoki har sadakar uku.

Kada ka fara salati, da sauran rina a kaba. A garin Manton na kudancin Faransa, tun 1934 suke bikin lemo duk watan Fabrairu. Su ƙera giwa ko jirgi ko gidan sarauta da ƙarfe da waya, sannan su bi shi da lemon tsami da na zaƙi, ɗaya bayan ɗaya, kowanne a ɗaure da roba, har sama da tan 100. Jama'a na kallo suna ɗaukar hoto. Kai kuwa na san leɓenka ne zai riƙa motsi, kana lissafin kwando nawa za a fitar, nawa ne kuɗin mota zuwa 'Yan Lemo.

A Tailan kuma, da 'yar siririyar wuƙa mace za ta zauna da kankana, ta yi ta feƙe koren ɓawon, fari ya bayyana, ja ya leƙo daga ƙasa, sai ga fure ya buɗe ganye bisa ganye. Kai da an ba ka ita, kafin a ƙifta ido ka tsaga ta gida takwas, ka jera a faranti, kana kiran masu wucewa.

Amma don kada ka ce Bazazzagi ba ya adalci, ga 'yan'uwanka a Wahaka ta ƙasar Meksiko. 'Yan kasuwa ne suka fara sassaƙa wata jar saiwa mai suna radish don jan hankalin masu saye, har hukuma ta mai da abin gasa a 1897, ana yin ta duk 23 ga Disamba. Ka ga ashe wasan ma yana kawo ciniki. Yanzu na ga ka gyara zama!

To shawara kyauta: gobe ka sammaka Yankaba, ka yi wa gauta idanu da kanumfari, ka naɗa wa albasa rawani. Kabewa dai kada a bar ka da ita, don kafin a yanka mata baki, naka ya riga ya gama aiki. Mu malamanku za mu zo duba jarrabawa, a tanadar mana fate mai zafi.