Masu Matsa, Masu Ƙiftawa, Masu Uzuri

Ƙaramar bindigar gasa ba ta san son kai ba. Inda bakinta ya kalla lokacin da kunama ta saki, nan harsashi zai sauka, ko a Olamfik ne, inda ake neman da'ira mai faɗin milimita 11.5 daga nisan mita 10, ko a gasar gudu da harbi ta ƙungiyar IPSC da aka kafa a Amurka a 1976. Abu biyu ake nema wurin ɗan wasa: riƙo iri ɗaya kullum, da idon da zai bi saiti ya ga tashinsa ya ga dawowarsa. Kowa a kulob ya haddace wannan, kowa kuma da hanyar da yake bi ya kauce masa.

Akwai Matsau. An ce masa a riƙe da ƙarfi, shi kuwa ya ji a shaƙe. Yana ƙanƙame ƙota har jijiyar wuyansa ta miƙe, bakin bindiga ya kama rawar ɗari. Abin da ya ƙi yarda da shi shi ne yatsu 'yan gida ɗaya ne: in uku na ƙasa suka matsa iya ƙarfinsu, manuniya da ke kan kunama sandarewa take yi, ba ta iya ja a hankali sai fizga. Shi ya sa masu koyarwa ke cewa a bar yawan ƙarfin ga hannun da ke tallafe. Matsau na-dama ne, don haka ramukansa sun yi unguwa guda a ƙasa ta hagu. Sai ya ɗauko sukuddireba ya hau murɗa saiti, wai bindigar tana jan hagu. A miƙa wa wani ya zuba biyar a tsakiya, ya ce ai dama ya gama gyara ta.

Kishiyarsa Sakau ne, mai riƙe bindiga kamar kofin shayi mai zafi. Bayan kowane harbi sai ya gyara yatsu, ya sake zaman tafi, ya kuma yi mamakin yadda saiti bai taɓa dawowa wuri ɗaya sau biyu ba.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Mai Ƙiftawa, domin shi da gaskiyarsa yake ƙarya. Daidai lokacin da ƙara za ta tashi idonsa kan rufe, hannunsa ya ɗan dunƙusa ƙasa don tarar zaburar bindiga, duk cikin abin da bai kai ƙyaftawar da za a lura ba. Ka tambaye shi ina saiti yake lokacin da ta tashi, ya rantse yana tsakiya. Bai ga komai ba. Hoton da ya gani kafin ya rufe ido yake ba ka labari. Gwani kuwa tun kafin a duba kwali zai ce maka na uku ya ɗan yi sama ta dama, a je a tarar haka ne, saboda ya ga daga inda saiti ya ɗaga. Maganin Mai Ƙiftawa tsoho ne kuma akwai mugunta a ciki: abokinsa ya cusa harsashin bogi cikin na gaske ba tare da ya san gurbinsa ba. Ya ja kunama, ji kake ƙyas, babu ƙara babu hayaƙi, amma ga bindiga ta yi ruku'u gaban jama'a. Nan rantsuwa ke ƙarewa, na yini ɗaya dai.

Ɗan'uwansa Mai Leƙe bai iya haƙuri ba. Harsashi bai gama fita ba ya sauke hannu ya miƙa wuya yana neman raminsa.

Sai Sarkin Kaya. Ƙota an sassaƙa ta daidai tafinsa, gilashi mai marufin ido ɗaya, garin alli na busar da gumi, saiti mai jan ɗigo wanda ya fi bindigar tsada. An gaya masa da irin wannan saitin abin hari ake kallo, ɗigon ya zo ya same shi a can. Shi kuwa tunda kuɗinsa ya saya, ɗigon yake zuba wa ido yana bin sa lungu-lungu. Shekarar 2024 ta yi wa mutanen nan ciwo. A gasar Olamfik ta Faris, Yusuf Dikeç na Turkiyya, yana da shekara 51, ya fito da tabarau na kowa da kowa, hannu ɗaya a aljihu, shi da Şevval İlayda Tarhan suka ɗauki azurfa. Sai ga sabon iri ya tsiro, 'yan hannu a aljihu, masu zaton sirrin yana cikin wando. Ai masu harbin hannu ɗaya sun daɗe suna cusa ɗayan a aljihu ko a ɗamara don kada ya yi lilo, kuma wannan ne zuwan Dikeç Olamfik na biyar. Wannan ɓangaren ba ya fitowa a hoto.

Mai Gaggawa ya kalli Jerry Miculek yana zuba harsashi 8 cikin daƙiƙa ɗaya, tun ranar bai sake natsuwa ba. A IPSC ana raba maki ne da lokaci, shi kuma rabin lissafin kawai ya riƙe. Yatsansa ya riga idonsa: saiti bai sauko ba ya ƙara wani. Harbi mafi kyau maki 5 ne, kuskure kuwa a zaftare 10, don haka yakan gama kafin kowa ya kuma zo ƙarshen jeri, yana tambayar alƙali ko an duba da kyau, wataƙila biyu ne suka bi rami ɗaya.

Malamin Baki yana bayan layi da hannu a ƙirji. Zai yi maka awa guda kan bambancin tsayuwar Jack Weaver da miƙe hannaye biyu daidai, da yadda Rob Leatham da Brian Enos suka yaɗa jera manyan yatsu gaba. Duk gaskiya ne. Tasa bindigar tana wurin gyara tun bara.

Mai Uzuri shi ya fi kowa shiri, don tun a mota yake tanadar dalilai: rana, iska, gumi, kafaɗar da ya kwana a kai, maƙwabcin da ya yi tari. Masu koyarwa kan tare shi da labarin Károly Takács, sojan Hangari wanda gurneti ya lalata masa hannun dama a 1938, ya koma ya koya wa hagu tun daga farko, ya ci zinare a Landan a 1948, ya maimaita a Helsinki a 1952. Mai Uzuri ya saurara har ƙarshe, ya jinjina kai, ya ce ai dole mutumin ya ci: hannun hagun sabo ne fil, babu mugun sabon da za a kankare masa, shi kuwa nasa na dama malamai uku ne suka ɓata shi.