Wai ɗan jami'a ba ya tsinana wa garinsu komai

Na san ku sarai, 'yan majalisar bakin titin Kankiya, masu zama gindin bishiya kuna ƙirga motocin da ke tafiya Katsina daga Kano. Da an ambaci ɗan jami'a sai ku taɓe baki: "Wa? Ai ban da Turanci da cinye tuwon gida ba abin da ya iya." To, Alhaji, gyara zama mu yi lissafi.

Wa ya cike wa autarka fom ɗin JAMB? Wa kake aikawa a kira in an ba ka takarda a asibiti, rubutun likita kamar kaza ta yi tonon ƙasa? Ranar da kuɗin da ɗanka ya turo daga Legas suka maƙale a waya, ai ba liman ka nema ba.

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ga ta nan a maƙwabta, ta Umaru Musa 'Yar'adua kuwa tun 2006 aka kafa ta a Katsina. Masu karatun malanta a cikinsu, da na Kwalejin Isa Kaita, ba mai ba su shaidar kammalawa sai sun yi koyarwar gwaji: makonni a gaban allo, alli har gira, a ajin da yara suka fi benci yawa. Ga kuma 'yan makarantar koyon aikin lafiya ta nan Kankiya da ake turawa ƙananan asibitoci. Hajiya, yarinyar nan da ta auna miki hawan jini, kika yi ta sa mata albarka, kika ce hannunta da sauƙi, ɗaliba ce fa, ba albashi take ɗauka ba.

Inda kuke da gaskiya kam ba zan ƙwace muku ba, wato masu takardar tambayoyi. Yaro ɗan ajin ƙarshe zai sauka daga acaɓa a Rimaye ko Kusada, ya tare dattijo yana tsakiyar huɗa, ya ce ya zaɓa: ya yarda ƙwarai, ya yarda kawai, ko bai yarda ba, cewa taki ya yi tsada. Baba ya dafa garma ya dube shi, ya dubi gona. A ɗinke aikin da bango mai ƙyalli, a ba yaro maki, a jera a kanta, ƙura ta hau. Baba har yau bai ji abin da aka gano ba. Ni da za a bi tawa, ba maki sai yaro ya koma ƙofar gidan mai gari ya faɗi sakamakonsa da Hausa, manoma su yi masa tambayoyi, a ga mai gumi.

Sai dai ku ma ban yarda da ku ba. Ranar da aka kira wannan taron, kafin ku ɗaga daga benci sai kun tambaya ko za a raba kuɗin zama.