Ɗaki da Falo Sun Maƙale a Ƙofar Ƙaura

Kawuna ba ya iya wuce gwanjo. Da wani kamfanin gina hanya ya tattara komatsansa zai bar Katsina, mutane suka yi ta sayen janareto da kujeru, shi kuwa ya dawo gida da ɗaki da falo masu taya. Irin motar nan ce da Amurkawa ke yawo da ita suna kwana a ciki: ga gado, ga murhun gas, ga firji, har da makewayi. Ƙirar Chevrolet ce ta shekarun 1980, injinta silinda takwas mai lita 7.4, giyarta otomatik mai hawa uku da ake kira TH400. Tunda ni ne ɗan 'yar'uwa mai lasin, kuma a ganin Kawu duk wanda ba ɗan kasuwa ba ne zaman banza yake, sai aka naɗa ni direba.

Niyyarsa mu kwashi iyali mu bi ta Mashi zuwa Daura kallon hawan Sallah. Kafin nan ya ce mu zagaya da ita ta sha iska, wato gari ya gan shi. Ya sha babbar riga ya hakimce a falo, yana ɗaga labule yana amsa gaisuwar da ba a yi masa ba. Yara kuwa gudu suke, sun zaci masu allurar rigakafi ne.

Muka gangara gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura, wadda aka buɗe a farkon 2023. Wajen gangarawa motar ba ta yi gardama ba. Da aka zo hawa na taka totur, inji ya yi ruri, farin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, amma taya ko motsi. Can ma sai ta fara shawarar komawa inda ta fito.

"Kai, mi kake jira? Sa mata giya!"

"Kawu, ai ita ke sa wa kanta."

"To ka ce mata ta sa mana!"

Kafin ka ce kwabo an taru. Wani ɗan acaɓa ya ce a tura ta ta tashi. Na ce ai a tashe take, kuma irinta ba ta tashi da turi. Ya ce to a tura ta dai, don ta tare masa hanya. Majiya ƙarfi suka sa kafaɗa, Kawu ya ƙi sauka, wai mai gida ba ya barin gidansa a hannun baƙi. Da shi da firjinsa aka tura.

Daga ranar ƙofar gidanmu ta koma asibitin koyarwa. Makanike na farko ko bonet bai buɗe ba, da jin labarin hayaƙi ya ce gasket ya ƙone, sai an sauke inji. Na biyu ya ce otomatik ciwon kai ce, a cire ta a ɗaura giyar tsohuwar Kanta a huda ƙasa a fito da kuloci. Wani ya ce a zuba mata man birki, na ce a'a, na san yana kumbura robobi ya kashe su. Sai ga wani matashin rewaya da kwamfutarsa a jaka. Ya kwanta ƙarƙashin sitiyari yana neman ramin da zai jona ta, ya duba bayan firji, ya leƙa makewayi. Ramin nan sai a 1996 aka wajabta shi ga motocin Amurka, tamu kuwa ta girme shi. Duk da haka ya karɓi kuɗin nema. Matar Kawu ta ce duk ku yi ku gama, kambun baka ne, wa ya aike ku zagaya gari.

Ana haka aka kawo wani dattijo da ya yi zamani yana gyara manyan motocin Amurka na sarakuna da attajirai. Ya ƙi shayi, ya ce in gyara mata tsayuwa a wuri mai daidai, in bar injin ya yi zafi. Ya sa na taka birki na bi da sandar giya kowane gida, na dawo da ita P, inji na aiki. Sannan ya zaro gejin man giya ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Da ƙyar man ya taɓa bakinsa.

"Alhaji, ƙishirwa ke damunta," in ji shi. Ya ce a otomatik mai ne ke yin aikin ƙafar direba: famfo ke tura shi da ƙarfi ya matse faifan kuloci da ke ciki. In ya yi ƙasa sai famfon ya zuƙi iska, matsi ya ragu, faifai su yi ta zamewa, inji na ihu mota na tsaye. A kan tudu abin ya fi muni, don ɗan man da ya rage yakan gudu gefe guda. Ya ɗiga shi a farin ƙyalle ya sansana. Ja ne kamar zoɓo, ya ce mun yi sa'a. Da ya yi baƙi yana ƙauri, faifai sun ƙone ke nan. Da ya yi fari-fari ya yi kauri, ruwan lagireto ya shiga. Muka zuba Dexron kaɗan-kaɗan, yana gargaɗin kada a wuce layi, don in ya yi yawa kumfa yake, tsakanin layuka biyun da ke jikin gejin kuwa kusan rabin lita ne kawai.

Mota ta miƙe, Kawu ya yi kyautar hula. Ba a jima ba ta koma gidan jiya, geji ya sake bushewa. Muka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, da safe ko ɗigo. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ga ɗaki ga mai shi, an rasa. Kawu ya fara duban mai gadi, mai gadi na duban almajirai, matar Kawu na duban kowa.

Dattijo ya dawo ya tambayi abu guda: "Hayaƙin nan, yana nan?" Ya shiga ƙarƙashi ta hannun dama, ya zare wani siririn tiyo daga jikin wani ɗan gwangwani da ke maƙale a akwatin giya. Jan mai ya ɗigo masa a hannu. Sunan abin modileta. Tiyon daga inji yake, kuma da ƙarfin zuƙar injin ne giya ke gane yadda direba ya taka totur, ta san lokacin canzawa. A cikin gwangwanin akwai 'yar roba da ke raba iska da mai. Tamu ta tsage, inji ya samu hanya yana zuƙe man giya yana ƙonawa, yana fitar da shi ta salansa.

"Ba yoyo take ba, Alhaji. Sha take."

Makaniken gasket ya ce shi ma abin da yake nufi ke nan. Aka yi aike kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, aka tono gwangwanin a wurin masu tsofaffin kaya. Ƙusa ɗaya ke riƙe da shi. Yana ɗaurawa dattijo ya ce giyar nan ba ta wasa ba ce, har Rolls-Royce sun yi shekaru suna sa irinta. Duk bayanin da aka yi, wannan kaɗai Kawu ya haddace.

Muka koma gadar Ƙofar Ƙaura muka haye ba ko tari, muka zarce gidan mai don shirin Daura. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, mai ƙaramar mota ma da addu'a yake shiga wurin. Yaro ya sa bututu, lambobi suka yi ta gudu, allurar tanki ba ta ko gyara zama ba. Kawu ya leƙo ta labule ya dubi kuɗin, ya tambayi ko tankin ma yana da modileta.

"A'a Kawu, wannan lafiyarta ce."

"Tsaya haka nan, yaro," ya ce wa mai bututun. Ya juyo gare ni. "Juya mu gida. Mai Rolls-Royce ba ya zuwa wurin mutane. Ka buga wa 'yan Daura waya, ka ce akwai masauki."